Gaɓar da Na Ƙirƙira

Wautata ta farko ita ce na ɗauka ƙarya ba ta cin kowa muddin wanda aka yi wa ya tafi da farin ciki. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na yi shekara guda ina koya wa malaman makaranta tarihi a Libreville.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, teburina na agoguna a unguwar Akébé ya mutu, domin ba mai sayen agogo alhali shinkafa ta gagare shi. Sai wani mai motar haya ya ɗauke ni rakiyar baƙi, saboda ina jin ɗan Turancin buroka. Baƙaƙen fata ne daga Amurka, masu neman inda aka kwashi kakanninsu. Suna son gaɓar da za su tsaya su yi kuka, ni kuwa ban san ko ɗaya ba. Na zaɓi wani fili a gefen tashar jirgin ruwa, mai tsohon ƙarfe a kafe cikin yashi, na ce nan ake ɗaure mutane. Ƙarfen na ɗaure kwalekwale ne. Na kuma ce musu ni ɗan gaɓar ne kaka da kakanni, ni da aka yanke wa cibiya a Kano.

Daga baya aka fara kamen baƙi marasa katin zama. Nawa ya daɗe da mutuwa. Motar Amurkawa ta zama mafakata, don jandarma ba ya tambayar wanda ke zaune kusa da mai kyamara.

Wata safiya na kai mata shida wurin. Babbarsu dattijuwa ce mai sanda, ta cire takalmi tana ɗibar yashi a kwalba. Ina tsakiyar bayani sai ga manyan motoci sun tsaya bayan wayar shingen tashar. Aka fara sauke mutane, ana jera su zuwa jirgin da zai mayar da su ƙasashensu. Wasu da buhu, wasu ba ko takalmi.

A cikin layin na hango telan da muka yi shekara tara muna cin tuwo a kwano ɗaya, Badamagare, mai yawon ɗinki unguwa-unguwa. Keken ɗinkinsa na kafaɗarsa, alamar a kan titi aka tsince shi. Matarsa na unguwar Alibandeng da tsohon ciki.

Ya gan ni. Ya ɗaga murya yadda ya saba tsokanata.

“Kai Bakano, ɓarawon agogo. Ka je ka gaya wa maiɗakina...”

Jandarmomi biyu suka waiwayo suna neman wanda ake kira. Na juya wa wayar baya, na ɗora hannu a kan ƙarfen nan, na ci gaba da ƙaryata da ƙarfi har muryata ta danne tasa. Na ji ya sake cewa Bakano sau biyu. Sauran saƙon ban ji ba, kuma ni na hana kaina ji.

Washegari na je wurin matar. Ta tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce ta yi haƙuri. Wataƙila ya faɗi inda ya ajiye wani abu, ko wanda za ta nema, ko sunan da yake so a sa wa ɗan. Da ta haihu ta koma ƙasarsu bayan arba'in, ban sake jin labarin ɗayansu ba.

Amma a ranar da aka tafi da shi, mun shiga mota har mun kusa otal. Dattijuwar tana riƙe da kwalbarta a cinya. Ba ta ko dube ni ba, ta ce a hankali, yadda zan gane:

“Ɗana, shekara talatin na yi ina koyar da yara. Na san fuskar wanda aka kira ya yi kamar bai ji ba.”