Littattafaina da Aka Sa wa Riga Iri Ɗaya

Ban taɓa zama a ajin boko ba. Abin da na samu a allo ya ishe ni salla, shi ke nan. Amma ina da littattafai cike da adaka, kuma duk na soyayyar mutanen da ne: zamanin da fatake ke tafiya fataucin goro da jakuna, ake rufe ƙofar gari da magariba, saurayi ya yi shekara a hanya budurwa tana jira. Na zamanin waya da mota ba sa zama mini a kunne.

Maƙwabciyata a Limawa ce ta jawo ni, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Bayan la'asar takan shigo da tabaranta, ina tsintar wake tana karantawa. In labari ya yi mini, sai in ce a nemo mini nawa. In kuwa na je Jahun wajen 'yata, nakan tsaya wurin mai littattafai a kasuwa in ce, "Malam, na mutanen dauri nake so." A haka suka taru.

Ban san sunan ko ɗaya ba. Da bango na san su. Akwai mai hoton rijiya, akwai mai raƙumi a durƙushe, akwai wanda miyar kuka ta zube wa, da wanda ɓera ya ci wa kusurwa. Malama ta zauna, in sa hannu a adaka in ce yau wannan. Mutum in ya tsufa, abinci a kawo masa, magani a miƙo masa, unguwa a ce masa ga ranar zuwa. Zaɓin littafi ne ya rage a hannuna, ba na tambayar kowa.

Wata shekara jikata ta haihu a Taura, na je na zauna mata wankan jego. Da na dawo, matar ɗana ta tare ni da fara'a, ta buɗe adakar. Ashe ta ga bangwayen sun yayyage, ta kwashe su ta kai wa mai ɗinkin littattafan makaranta. Ya cire tsofaffin, ya ɗinke, ya sa wa kowanne kwali shuɗi.

Ta ce, "Inna, kin gani? Yanzu sai su ga jikokin jikoki. Har suna ya rubuta a kan kowanne."

Na ce, "Tsofaffin bangwayen fa?"

"Ai ya zubar, Inna. Duk sun mutu."

Na ce Allah ya yi mata albarka. Alheri ta nufa. Ta saba ji ina ba da labaran nan tiryan-tiryan, har ta manta ba ni nake karantawa ba.

Da la'asar Malama ta shigo ta ce, "To Hajiya, yau wanne?" Na sa hannu. Shuɗi, shuɗi, shuɗi. Ta leƙa ta kwashe da dariya.

"Iko sai Allah! An sa su firamare ke nan, kowa da yunifom."

Ta karanto mini sunayen, na ji su kamar sunayen baƙi a gidan biki. Ta ce, "Kawo in zaɓa miki, ai duk naki ne." Na ce a bari. Kwanaki muka yi tana shigowa muna hirar tsadar taki, adaka a rufe.

Kajin unguwa ne suka ba ni dabara. A wajenmu kaji tare suke kiwo, kowace mace takan ɗaura wa nata ƙyalle a fiffike don kada su ɓace a cikin na maƙwabta. Na kwance ƙullin tsofaffin zannuwana na yayyanka. Malama ta ɗauki littafi ta fara daga farko, ina saurare, sai in ce, "Tsaya, mai rijiya ne." In ɗauki allura in ɗinka masa ƙyalle a gindi. Mai rijiya ya samu ja, mai raƙumi ya samu na atamfar da na je Makka da ita. Wani a layin farko nake gane shi, wani sai an kai inda ayari ya sauka a zango.

Malama tana cewa, "Ni dai na zama mai kiwon kaji da tsufana."

Mun fara da shuka, ba mu gama ba sai da aka yanke gero. Wasu 'yan kaɗan har ƙarshensu aka karanta, na san labarin, amma na kasa tuna wane bango ne nasu a da. Su na bari ba ƙyalle, suna can ƙasan adaka.

Matar ɗana ta ga tsummoki suna reto ta ce, "Inna, kin ɓata wa mutumin nan aiki." Na ce ɗinkinsa dai yana nan da ƙarfinsa. Rannan da la'asar Malama ta zauna ta goge tabarau, na sa hannu na ɗauko mai koren ƙyalle na miƙa mata.