Rayuwar Mai Gyaran Idon Sawu

Da me za a auna mutum, da ƙafa ɗaya da ya lalata ko da ɗaruruwan da ya miƙar? Na daɗe ina juya tambayar, ban sami amsa ba.

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayi Mai Gyara a shekarar 1951, a wani gida na bayan tashar mota. Mahaifinsa maɗori ne, mahaifiyarsa ungozoma. A 1967, mahaifin ba ya gari, ƙanwarsa Auta ta faɗo daga tsani ta karye a idon sawu. Shi ya ɗora ta, bai lura tafin ya juya waje ba, ƙashin kuwa ya kama a haka.

Karatu da Aiki

Wannan kuskure ne ya kai shi makarantar likitanci, inda ya kammala a 1979, sannan ya ƙware a tiyatar karayar da ta warke a karkace. Yakan sake yanka ƙashin, ya saita shi, ya riƙe da ƙarfe da kusoshi. Ba ya taɓa wuƙa sai ya sa majinyaci ya yi tafiya a barandar asibiti, shi yana tsugune yana kallon dunduniya. Leburori da direbobi da dama sun koma sana'a ta hannunsa.

Sau uku yana roƙon Auta ta bari ya gyara mata, tana ƙi. Takan ce, "Yaya, ɗingishina ne ya yi ka likita. In ka miƙe shi, me zai riƙa tashinka da sassafe?"

Iyali

Ya auri wata malamar makaranta a 1981, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2016, ya rasu ranar wata Talata a 2022 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa da la'asar. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: injiniya, tela, da babbar 'yarsa wadda ta gaje shi a aiki.

Bayan wata biyu Auta ta shiga ofishin 'yar, ta cire takalmi.

"Gwaggo, sai yanzu?"

"Ɗingishin ya gama aikinsa, ni kuma na gaji da ciwon. Tsuguna ki duba."

Auta ta fita baranda ta fara takawa.