Yadda Na Shafe Muryar Matata Da Hannuna

Edita, ina gaisuwa. A shekarun da fari ya sauka ƙasar Gobir, ni makaɗin kukuma ne a wani ƙauye kusa da Unguwar Lalle, ko harafi ɗaya ban sani ba. Ba ni da 'yan amshi irin na manyan makaɗa. Matata ce ke kaɗa ƙwarya tana yi mini amshi, gidan biki ko gidan suna. Takan tsokane ni ta ce muryata ta jaki ce mai jin ƙishirwa, ita ke ba shi ruwa. Ni kuma in ce da ita, in ba jakin ba wa zai kai ta gidan biki?

Wata ranar kasuwar Bafarawa, wani abokina mai kai kaya Nijar ya zo da rikoda. Ya zaunar da mu bayan rumfarsa, ya danna maɓalli biyu, muka yi waƙa, ya ba mu kaset ɗin kyauta. Ba mu da abin sauraro, sai ta naɗe shi a ƙyalle ta sa cikin kwallarta. Daga nan damina biyu gero na bushewa tun bai fid da kai ba. Biki ya ɗauke, don ba a kiran makaɗi gidan da ba a ɗora tukunya ba. Muka koma ga cin ganyen tafasa da dusa. Tana shayar da ɗiyarmu, kuma takan turo mini rabonta ta ce ta ci a maƙwabta. Na yarda, domin ina son in yarda. Da zazzaɓi ya kama ta bai sami abin kokawa da shi ba. Na ɗora ta a amalanke za ni Sabon Birni da ita, ba mu kai ba ta cika.

Kukuma ta yi wata bakwai a rataye. Da na sauko da ita, waƙoƙin da suka zo mini duk na matata ne. Na tafi aron rikoda na tarar abokina yana loda mota. Cikin sauri ya miƙo mini, ya tambaye ni ko dai sarkin kiɗa ya san yadda ake yi. Na ce ai na gani da idona. A tunanina kaset kamar rumbu ne, in ka zuba sabon hatsi kan tsoho duka suna nan. Na ce za ni zuba muryata kan tata, mu sake haɗuwa. Da hantsi na shiga ɗakinta na ɗauko kaset ɗin, na saurare ta sau ɗaya tak, don tsoron batir ya ƙare, har na ji wurin da ta yi dariya don na ɓata baiti. Sannan na mai da shi farko, na danna maɓallan nan biyu. Na yi waƙa har ƙarshe, kowane baiti ina yin shiru in bar mata wurin amshi.

Da na kunna, ni kaɗai na ji. In na kai wurinta sai shiru, sai kukan akuya daga waje. Na mayar, na sake mayarwa, har batir ya mutu. Da abokina ya dawo ya ji, ya yi salati ya dafe kai. Ya ce ai bayan kaset ɗin babu kome, da juya shi kawai na yi, da muryarta na nan. Muka kai wa mai gyaran rediyo a Isa, ya jujjuya shi, ya ce in yi haƙuri, muryar da aka taka a nan ba ta tashi.

Abokina ya roƙe ni ya kwafi kaset ɗin, na miƙa masa. Kaset ɗin ya bazu daga Kamarawa har ƙetaren iyaka. Mutane na tare ni suna yabon shirun nan, wai gwaninta ce, wai mata na kuka in an zo wurin. Sai in ce na gode.

Ɗiyata ta girma, har ta yi aure. Ran nan ta tambaye ni yadda muryar innarta take. Na gwada kwaikwaya, ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da mayafi. Shi ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Yanzu na rubuta mata kalmomin amshin cikin littafi, amma takarda ba ta riƙe murya.

Mutuwa ta Allah ce, ban ja da ita ba. Wanga kuwa hannuna ne, da girman kan da ya hana ni cewa ban sani ba. Jama'a, in aka tambaye ku ko kun iya, ku faɗi gaskiya, musamman kan abin da ba ku da na biyunsa. Ni tambaya ɗaya na ƙi yi a bakin mota, ga shi shekara da shekaru ina barin wurin amshi, ba mai amsawa.