Jinjina ga Malam Dakata, Mai Jiran Na'ura Ta Gama Magana

Ta yaya ake gode wa mutum a kan abin da bai faru ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samo mata amsa ba. Amma Malam Dakata zai ajiye aiki a wannan makon, don haka ko babu amsa sai na yi magana.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai na safe tana yi masa a ɗakin gwajin jini na asibiti. Kafin ya gaisa da kowa sai ya durƙusa a bayan tebur, ya taɓa wata waya mai haƙora tara wadda ta haɗa na'urar gwaji da kwamfuta, ya ƙara ɗaure ta, ya busa ƙura. Masu shara suna cewa ya fi gaida wayar nan a kan mutane. Shi kuwa gyaran wuta aka ɗauke shi yi. Rubuta manhajar kwamfuta da kansa ya koya, daga wasu littattafai da bangonsu ya cire.

Abin ya samo asali ne ranar da aka kawo wani tsohon tela mai ciwon suga. Na'ura ta auna jininsa ta samu 412, amma allon kwamfuta ya nuna 41. Nas ta ga suga ya faɗi ƙasa warwas, har ta ɗauko ruwan suga za ta rataya masa. Allah ya sa shugabar ɗakin, wadda kowa ke kira Uwar Ɗaki, shi kuma yake ce mata Yaya, ta leƙa ɗan gilashin na'urar. Da gudu ta fita, takalmi ɗaya a ƙafa, ta riƙe hannun nas.

Kowa ya ce na'ura ce ta lalace. Malam Dakata ya ce a'a. Kwana uku ya yi yana kallon abin da ke bi ta wayar, rana ta huɗu ya fito yana tafa hannu kamar wanda aka yi wa albishir.

"Yaya, na kama ɓarawon! Na'urar ba ta yi ƙarya ba, katse ta aka yi."

"To mai wuta, yau kuma likitan kwamfuta ka zama?" in ji Uwar Ɗaki.

"Ki saurara mana. Saƙo ba ya zuwa a dunƙule, gutsure-gutsure yake zuwa. Da huɗu da ɗaya sun iso sai tsohuwar manhajar ta ji motsi a ƙofa, ta fizge ta manna a allo. Biyun tana hanya! Kuma hannu ɗaya ne ke karɓa, shi ke rubutu, shi ya sa allon yake sandarewa in aiki ya yi yawa."

Sai ya zauna ya rubuta sabuwa, ya raba aikin biyu, abin da masu sana'ar ke kira zare biyu. Zare ɗaya yana zaune a ƙofa, ba shi da aiki sai sauraro da tarawa, har ya ga alamar da na'ura ke sakawa a ƙarshen magana. Ɗayan yana kula da allo. Na ƙofa ba ya taɓa allo ko da wasa, sai dai ya ajiye cikakken saƙo a layi, na allo ya ɗauka. In saƙo ya zo da gutsure, allon ba ya nuna lamba ko ɗaya, sai kalma guda: Dakata. Daga nan sunan ya bi shi.

Ranar gwaji ɗakin ya cika. Ya jera jini arba'in, yana jan linzamin kwamfuta yana buɗe wannan yana rufe wancan, allon bai ko gezau ba. Can sai ya zare wayar ana tsakiyar saƙo. Allo ya nuna: Dakata! Ɗakin ya kaure da sowa, har direban motar asibiti ya shigo yana tambayar wa ya haihu.

Uwar Ɗaki kaɗai ba ta yi tafi ba. Aka miƙa mata takardar amincewa da manhajar, ta ture.

"Ni na ga ruwan sugan nan a hannun nas. Ba zan sa hannu a kan abin da ban gama sani ba."

Haka manhajar ta ci gaba da aiki da sunan ta gwaji. Kowane sakamako sai ta tashi ta duba gilashin na'ura da idonta, kuma ta tanadi wani jan littafi don ranar da za ta kama kuskure. Abokan aiki suka ce wa Malam Dakata ya kai ƙara sama. Ya ce, "Ni da nake koya wa kwamfuta jira, ni zan kasa jiran Yaya?"

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Wa ya fi gaskiya, mai aikin da bai yi kuskure ba, ko wadda ta ƙi yarda da shi saboda tsoron ran wani? Har yau ban raba musu ba.

Kai ne, Malam Dakata, ka zaɓi allo ya yi shiru a kan ya faɗi rabin gaskiya. Kai ne likitoci suka yi wa tsawa saboda jinkirin daƙiƙa biyu, ka shanye. Dubban mutane sun koma gida da ƙafarsu ba su san akwai ka ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa a wannan sana'a, ku je ku ga yadda ake yi tun yana da ƙarfin nunawa.

Sai dai akwai doka: manhajar gwaji ba ta zama bayan mai ita ya tafi. In babu sa hannu, ranar Litinin za a goge ta a mayar da tsohuwar. Kowa ya sani, shi ma ya sani, amma bai roƙi kowa ba.

Jiya aka yi masa taron sallama a ɗakin. Ana cikin jawabai aka kawo jinin gaggawa. Uwar Ɗaki ta saka shi a na'ura, ta dubi gilashinta, ta dubi allo. Ta buɗe aljihun tebur ta ciro jan littafin, ta miƙa masa. Ya buɗe shafi bayan shafi, fari fat.

"Shekara goma sha ɗaya ina farautarka, ƙanina, ka ɓata mini littafi a banza. Ina takardar amincewar nan?"

Ya zaro ta daga aljihun gaba, duk ta yi laushi saboda naɗi.

"Yaya, ko za ki ɗan dakata?"

"Kai dai ba ni biro."