A Bar wa Kifi Ruwa

Shekarar da Baba ya zo wurinmu a Greensboro ganin likita, 'yata tana aji huɗu, Hausarta ba ta wuce "ina kwana" ba. Ya yi mata magana, ta amsa da Turanci, kowa ya kama gabansa. Abin yana ci mini rai, don na san jikinsa ba zai sake kawo shi ƙasar nan ba.

Wata rana ta baje aikin makaranta a teburin kicin, duk hotunan kifin salmon. Baba masunci ne tun tasowarsa a Yawuri, ko a faranti ya ga kifi sai ya tambayi asalinsa. Ya jawo kujera. Na zama tafinta ina yankan albasa.

Ta ce kifin kan hauro kogi ya binne ƙwansa cikin tsakuwa. Masu dam su saki ruwa idan ana bukatar lantarki, in bukata ta ragu su rufe, ruwa ya janye ya bar ƙwan a rana.

Baba ya ce, "Gaya mata na gani da idona. Namu a ciyawar bakin ruwa suke zubawa. Da aka tare kogi, sai ka wayi gari ciyawa ta bushe da ƙwai manne a jikinta."

Daga ranar muka shiga uku. Ka je ɗauko cokali, ka dawo ka tarar da duhu, Baba ya kashe fitila. Na yi masa bayani cewa kogunan salmon suna can wata uwa duniya, wutar unguwarmu ta Glenwood ba daga can take ba. Ya ce, "To, ke kika ja wayar?"

Yarinya kuwa ta samu abin yi. Ta riƙe hannunsa suna bi ɗaki-ɗaki suna kashe fitilu, yana cewa "a bar wa kifi ruwa", tana maimaitawa a karkace, yana gyara mata. A haka ta koyi ƙwai, ta koyi kwalekwale, har da "Allah ya shirye ki".

Bai cika shekara da komawa ba ya rasu. Mata suka cika mini falo da ta'aziyya. Ana gab da magariba wuta ta ɗauke.

"Wa ya kashe mana light?" in ji wata Hajiya.

Daga bakin ƙofa na ji muryar 'yata, da Hausa tsaf: "Ni ce, Hajiya. Kaka ya ce a bar wa kifi ruwa."

Ban bari kowa ya kunna ba.