Rurin Girijamma

A unguwar bayan kasuwar furanni ta birnin Maisuru kowa ya san Girijamma, tsohuwar malamar firamare da ta nemi kujerar kansila sau huɗu, ta sha kaye sau huɗu. Bukatarta ɗaya ce: a daina jibga shara a tafkin unguwa, kada a wayi gari an cike shi an gina shaguna.

Waɗanda suka fara fafutukar da ita duk sun watse. Hawan jini ya kwantar da ɗaya, biyu ko gaisawa ba sa yi. Ita kuwa tana nan daram. Tun tana budurwa malaminta na yoga ya koya mata cewa aiki ne nata, sakamako ba nata ba ne. Da asuba sai ta shimfiɗa tabarma ta daidaita numfashi. Ƙarfe biyar na yamma ta rufe zancen siyasa, ko minista ne ya zo sai dai gobe. Alewar laddu ma tun kafin a ƙirga ƙuri'a take sayowa, ta raba ko ta ci ko ta faɗi.

A zaɓe na biyar Puttanna mai shagon siminti ya kayar da ita da ƙuri'a tara. Tara kacal! Ta raba alewarta tana murmushi, har shi ta miƙa wa. Tana shiga gida ta durƙusa, ta zazzaro ido, ta zaro harshe, ta saki rurin zaki irin na masu yoga. Malaminta sau uku ya ce a yi. Ta yi goma sha biyu.

Maƙwabciya ta leƙo ta taga, ta tambayi mijin Girijamma. "Baba Nanjunda, lafiya?"

"Maƙogwaro take wankewa," in ji mijin, ya rufe taga.

Ta san ya ga hawayenta. Zuciyarta ta ƙone ƙurmus, kuma ta gaji.

"Girija, ko mu haƙura haka?" ya ce a hankali.

Ta tashi ta ɗauko takarda da biro.

Washegari Puttanna ya buɗe ƙofa da buroshi a baki, ya tarar da ita tsaye da takardar koke.

"Haba Inna! Ba jiya kika faɗi ba?"

"Na faɗi, ɗana. Kujera ka ci, tafki yana nan." Ta miƙa masa biro. "Ja numfashi tukuna, sannan ka sa hannu."