Inda Waƙa Take Zaune a Cikin Kai

Wautata ita ce na taɓa hawa mota daga Babankatami har asibitin mishan don a nuna mini inda daɗin waƙa yake a cikin kai. Da furfurata na yi wannan tafiya.

Yayana ne makaɗin gayyar garinmu. In ya rataya ganga ya shiga gona yana kiran kakannin manoma, sai ka ga tsoho mai ciwon baya ya wuce samari. Ni ma na san waƙoƙin, ba wadda ta ɓace mini, kuma na daɗe ina jiran gangar nan. Sai dai in na rera, mutane kan tuna suna jin ƙishirwa, su watse.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ko "ruwa" ba ya iya cewa. Na yi kuka kamar kowa, na kuma kai gangar aka sake mata fata.

Ranar gayya aka kawo shi a amalanke, aka ajiye a gindin gawo ya sha iska. Na rataya ganga na fara waƙa. Hauyoyi na tafiya kamar masu rakiyar gawa. Can sai waƙar yayana ta taso daga gindin gawo, ko kalma ɗaya ba ta ɓace masa ba. Kafin azahar gona ta ƙare. Aka miƙa masa fura, ya kasa cewa ya gode.

A asibiti, likitan da ya duba shi, wani bature mai Hausa, ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwa a bango.

"Nan magana take, nan ne ya lalace. Waƙa tana da wata hanyar."

"Likita, ni ina da hanyar?"

"Kowa na da ita, baba."

"To me ya sa tasa ke sa tsoho gudu, tawa ke sa ƙishirwa? Akwai allura?"

Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce iliminsu bai kai nan ba tukuna.

Tun daga nan ni ke kiɗa, shi ke waƙa, an kuma roƙe ni in riƙa rufe baki. Na dai gaya wa matar yayana cewa bature ya tabbatar ina da wurin waƙa. Ko taɓarya ba ta ajiye ba ta ce:

"Rumbu ai kowa na da shi, ƙanen miji. Naka da aka leƙa, an ga hatsi?"